Canza Oyil Kula na Kamfani: A Auna Kafin a Kwance

Mai mota yakan fara jin sunan oyil kula ne ranar da ya buɗe murfin lagireto ya tarar da wani abu mai kauri, kalar kunun gyaɗa, ya manne a bakin murfin, ko ranar da ya janye mota da safe ya ga tabon baƙin mai a ƙasa daidai inda injin ya haɗu da giyabos. Da ya isa gareji kuma, shawara uku za ta tarye shi. Wani zai ce a cire abin baki ɗaya a haɗa tiyo da tiyo, ai ba shi da wani amfani. Wani zai ce a nemo irinsa ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka a mayar. Na uku, wanda yawanci ya fi sauran karance-karance, zai ce lokaci ya yi da za a rabu da na kamfani a ɗaura babban na iska a gaban lagireto, irin na motocin tsere. Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Masanyayin baƙin mai da kamfani ya sa yana yin aiki biyu, mutane ɗaya kawai suke gani, don haka canjin da ya fi yi wa yawancin motoci amfani shi ne a maye gurbinsa da irinsa mai ƙarko. Komawa ga na iska kuwa ba a yin sa sai an auna zafin mai an ga ana bukata, kuma in za a yi, girman masanyayin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya dami mutum.

Wanda ke cikin yawancin motocin zamani ɗan ƙaramin akwati ne na alminiyam, bai wuce cikin tafin hannu biyu ba, galibi yana zaune inda filta take. A cikinsa akwai faifai sirara da aka jera ɗaya bisa ɗaya, baƙin mai na bi ta wani layi, ruwan lagireto na bi ta na kusa da shi, bango ɗaya ya raba su. Zafi ne kaɗai ke ƙetare bangon, kuma yana ƙetarewa ta kowane ɓangare, daga mai zafi zuwa mai sanyi. Idan an tayar da mota da safe, ruwa kan riga mai ɗaukar zafi, domin yana zagaye kan silinda inda wuta ke ci, kuma tamostat ya rufe masa hanyar lagireto. A wannan lokacin akwatin ɗumama mai yake yi. Sai an hau titi an daɗe, mai ya haye ruwa a zafi, sannan aikin ya juya ya koma sanyayawa. Ke nan na'urar tana ɗaure zafin mai kusa da zafin ruwa, shi kuma ruwan tamostat na tsare da shi wajen digiri 85 zuwa 95 a ma'aunin Selshiyos. Na iska ba ya iya wannan. Hanya ɗaya ya sani: ya kwashe zafi ya ba iska, ko ana so ko ba a so.

A nan ne mutane da yawa ke cewa, to mene ne laifin mai ya yi sanyi? Laifin yana da yawa. Duk lokacin da fetur ko gas ya ƙone yana fitar da tururin ruwa, wani ɓangare na tururin da ɗanyen fetur suna ratsa ringi su sauka cikin baƙin mai. Ba sa fita sai man ya yi zafi sosai ya daɗe a haka, kusa da digiri 100, sannan su tashi su bi bututun numfashin injin. Man da ke yini a digiri 60 ko 70 yana tara ruwa da tsami, ya yi dagwalo a ƙarƙashin murfi, ga shi da kauri fiye da yadda injiniyoyi suka tsara, famfon mai na wahala wajen tura shi. Ta ɗaya gefen kuma, zafi mai yawa na tsufar da mai. Ƙa'idar da masana mai ke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewarsa, kuma idan ya wuce 120 ya zauna a can sai ya tsinke, kaurin da ke raba metal da kiranshaf ya ragu. Wurin da ake so dai tsakanin 90 da 110 ne. Aikin masanyayi shi ne ya kai mai wannan wuri da wuri kuma ya tsare shi a can, kuma da wannan ma'auni za a gwada duk wani abin da aka ce ya fi na kamfani.

Kafin a sayi komai, a tabbatar shi ne mai laifin. Kunun da aka gani a lagireto yakan sa a yanke wa gaskit ɗin tof hukunci nan take, a kwance rabin injin a banza. Akwai alamar da ke raba su. Lokacin da injin ke aiki, matsin baƙin mai yakan kai bar 2 zuwa 5, na ruwa kuwa bai cika wuce bar 1 ko ɗaya da rabi ba, gwargwadon murfin lagireto. Saboda haka idan faifan masanyayi ya huje, mai ne ke kutsawa cikin ruwa, sai a ga lagireto cike da kunu alhali sandar gejin mai tana nuna mai baƙi mai tsabta, mota ba ta zafi, ba ta rawa, ba ta farin hayaƙi. Wannan hoton oyil kula ya fi nunawa. Tabbacin kuwa ba shi da wuya: a ciro shi, a toshe baki ɗaya na ɓangaren ruwa, a hura iska ta ɗayan da matsi kaɗan, a nutsa shi cikin bokitin ruwan ɗumi a zuba ido. Kumfa na fitowa ta ramin mai, magana ta ƙare. Mai mota otomatik ya ƙara duba abu ɗaya, domin man giya ma yana da nasa masanyayin a cikin tankin lagireto. Idan kunun ya yi ja-ja ko ruwan hoda, a duba man giya tun kafin a taɓa injin. Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 sun yi suna da wannan matsala, kuma canza oyil kula sau goma ba zai warkar da su ba.

Wanda kuwa abin da ke damunsa zargin zafi ne ba yoyo ba, aikinsa na farko awo ne. Motoci da yawa suna da sansan zafin mai da ake karantawa da na'urar sikana, waɗanda ba su da shi kuma ana iya ɗaura musu gejin zafi. A ɗauki motar da lodin da ta saba ɗauka, a hau hanyar da ta saba bi da rana tsaka, a rubuta zafin ruwa da na mai tare. Akwai injin da ya koya wa makanikan Amurka darajar wannan awo, wato dizal ɗin Ford mai lita 6.0, Power Stroke, na 2003 zuwa 2007. Ramukan ruwa na masanyayin mansa ƙanana ne, datti kan toshe su, kuma ruwan da ya fito daga gare shi ne ke zuwa wani masanyayi na biyu ya sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin injin. Idan na farko ya toshe sai na biyu ya ƙone ya fashe. Mutane sun yi ta canza na biyun yana sake fashewa, har aka gane cewa tazarar da ke tsakanin zafin mai da na ruwa ce ke tona asiri: idan ta wuce digiri 15 na Faranhait, kusan 8 na Selshiyos, a kan tafiya madaidaiciya, masanyayin mai ya toshe. Wannan lamba ta wannan injin ce kaɗai, a motar fetur mai na iya haye ruwa da fiye da haka ba tare da wata illa ba. Abin ɗauka shi ne lambobi biyu a takarda sun fi hasashen gareji guda. Idan mai bai wuce 110 ba a ranar da ta fi kowacce zafi, kuɗin na iska asara ne. Idan kuma ruwa da mai duka suna hawa tare, lagireto ko fanka ko famfon ruwa ne ke neman gyara.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: me ya kashe masanyayin da ya zo da motar? Faifan cikinsa sirara ne ƙwarai, kuma abin da ke kare alminiyam daga zaizaya sinadaran da ke cikin kulan ne. Motar da ta shekara biyar tana shan ruwan rijiya ko na leda, ba a taɓa zuba mata kulan ba, daga ciki ake cin faifanta har ya huje. Sabon da aka saya, ko na wane kamfani ne, kwanansa ƙidayayyu ne idan aka mayar da shi cikin wannan ruwan. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Misalin da ya fi nuna amfanin maye gurbi da irinsa shi ne injin Pentastar mai lita 3.6 da silinda shida, wanda Chrysler ya fara sawa a Jeep Grand Cherokee na 2011, ya shiga Wrangler a 2012, yana kuma cikin Dodge Charger, Durango, Journey, Grand Caravan da Chrysler 300, motocin da ake shigo da na hannunsu daga Amurka ta Legas da Kwatano. A wannan injin an haɗa gidan filta da masanyayi wuri ɗaya, aka zaunar da su a kwarin da ke tsakanin layukan silinda biyu, ƙarƙashin manifol, kuma gidan na roba mai tauri ne. Shekaru na zafi da sanyi, da kuma ɗaure murfin filta da ƙarfin tsiya a duk juye, suna sa gidan ya tsage ko zobban robar ƙasansa su bushe. Murfin a jikinsa aka rubuta 25 Nm, amma hannu da doguwar sifana kan ninka haka. Man da ya zuba yana taruwa a kwarin, ya malala ta baya ya gangaro kan giyabos, sai a ce sil ɗin bayan kiranshaf ne, a sauke giya a banza. Fitilar waya ta isa ta hana wannan asara: a cire murfin ado na saman injin, a haska gefen gidan filta can ƙasa, za a ga ɗan tafkin mai yana ƙyalli a tsakanin ƙarafa. Kamfanonin kayan gyara, irin su Dorman, sun fitar da gidan alminiyam mai siffar na asali, yana zama a kan ramuka ɗaya, yana aiki da ruwa kamar yadda na kamfani ke yi. Wannan canji ya gyara raunin ba tare da ya taɓa tsarin ba. A dai lura wajen saye cewa filtar 2011 zuwa 2013 ta sha bamban da ta 2014 zuwa sama, kuma wasu sababbin gidajen filtar zamanin baya suke ɗauka ko da motar tsohuwa ce. Mai mota ya rubuta wannan ya ajiye, domin mai juye na gaba ba zai sani ba.

Aikin kansa na yini ɗaya ne ga mai natsuwa. A bar injin ya huce sarai, a cire kan batir na ƙasa, a kwance murfin filta a zare ta don man da ke gidan ya koma ƙasa, sannan a juye ruwan lagireto. A sauke bututun iska da manifol na sama, a sassauta matsin fetur kafin a raba bututunsa, a sauke manifol na ƙasa. Da zarar ramukan shan iska shida sun bayyana a toshe su da tsumma mai tsabta ko a lulluɓe su da tef, domin noti ɗaya da ya faɗa ciki ya isa ya mayar da gyaran yini ɗaya ya zama sauke injin. A zare wayoyin sansa da ke bayan gidan da tiyon ruwa, a kwance ƙusoshi biyar, a ɗaga gidan tsaye ba tare da lanƙwasa shi ba. Ko yaya aka yi sai ɗan ruwa ya zuba cikin ramin mai, shi ya sa juyen baƙin mai ya zama dole bayan aikin. A tsotse tafkin kwarin, a goge mazaunin har yatsa ya bi bai ji ƙura ba. A shafa wa sababbin zobban roba ɗan mai, a duba kowanne ya zauna a raminsa, kuma kada a shafa gam ɗin gaskit ko ɗigo. Zobban ba sa bukatarsa, ragowarsa kuma yakan ɓalle ya toshe ƙananan hanyoyin mai. A zaunar da gidan, a kama ƙusoshin da hannu tukuna, sannan a ɗaure su a giciye da sifana mai awon ɗauri zuwa 12 Nm. Wannan ɗauri kaɗan ne ƙwarai, wanda ya saba da notin taya zai ji kamar bai yi komai ba, amma ramukan cikin alminiyam suke, ƙari kaɗan ya isa ya cinye haƙoransu. A sa sababbin gaskit na manifol, kuma tunda an riga an buɗe, lokacin canza fulogi ke nan, don manifol na sama ya rufe layi ɗaya daga cikinsu. Wajen zuba kulan a san shekarar motar: Chrysler ya canza nau'in kulan ɗinsa a 2013, kuma gauraya tsohon da sabon na iya daskarewa ya yi kamar kamu. A fitar da iska ta ƙusar da ke kan gidan tamostat har ruwa ya fito ba kumfa.

Masu sukar wannan canji suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Sukan ce yawancin gidajen da aka cire ba tsagewa suka yi ba, zobban roba ne suka mutu, kuma gidan alminiyam ma a kan zobba yake zaune. Gaskiya ne. Kasuwa kuma ta cika da kwaikwayo marasa suna, masu fuska mara laushi da sansa da ke mutuwa cikin wata biyu, fitilar mai ta riƙa kamawa mai mota ya kasa barci. Amsar ita ce kalmar alminiyam ba shaidar inganci ba ce. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar mazaunin a haska, in haske ya ratsa ƙasa a mayar wa mai shago. A duba cikin ramukan ko akwai ɓurɓushin ƙarfe. Sansan matsin mai kuwa, tunda sai an sake sauke manifol kafin a kai gare shi, a sa na asali ko da ya fi tsada. Sabon na kamfani mai kyau ya fi na alminiyam na jabu nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado, balle a ƙarƙashin manifol.

Idan mai ya riga ya shiga ruwa, rabin aikin wanki ne. Mai yana lulluɓe cikin lagireto ya hana zafi fita, yana kuma kumbura tiyon roba har ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya. Ana wanke hanyar ruwa da sabulun da ba ya kumfa ko maganin da aka yi don haka, a tayar da injin ya yi zafi tare da buɗe hita, a juye, a maimaita har ruwa ya fito garau, sau huɗu ko biyar ba abin mamaki ba ne. Garin sabulun wanki na gida kumfarsa ta yi yawa, tana hana famfon ruwa ja. Tankin roba a ciro shi a wanke daban, tiyon da ya kumbura a canza, a sa sabon murfin lagireto da sabon tamostat. Ɗigon mai zai ci gaba da tasowa saman tanki har makonni, wannan saura ne, a riƙa tsotse shi. Abin tsoro shi ne idan yawansa na ƙaruwa.

Sai na iska. Akwai motocin da suka cancance shi: wadda ke jan tirela, wadda ke hawan tudu da lodi a ƙaramin giya, mai turbo da aka ƙara wa ƙarfi, mai ratsa yashi a hankali injin na kuka a zafin Afrilu na Sakkwato ko Agadas inda iska da kanta ta haura digiri 40. Idan awo ya nuna mai na zama sama da 120 alhali ruwa na daidai, an sami dalili. Hanyar da aka fi bi ita ce a sa wani faifai mai kauri tsakanin filta da injin, tiyo biyu su fita daga gare shi zuwa masanyayin. Wannan yana yiwuwa ne ga filta mai gwangwani da ake murzawa, mai filtar takarda a cikin gida sai an sami mahaɗin da aka ƙera wa injin. A tabbatar da haƙorin filta kafin saye: Toyota da tsofaffin Volkswagen galibi 3/4-16 ne, Honda da Nissan da Mitsubishi galibi M20×1.5. Suna kama da juna har ɗaya kan fara shiga ɗaya, ya yi zagaye biyu ya cije, wanda ya tilasta shi ya kashe haƙori. Faifan kuma ya kasance mai tamostat a ciki. Na Mocal, alal misali, yakan fara buɗewa wajen digiri 80, kafin nan yawancin man na komawa injin kai tsaye. A nan ne za a ji tsohuwar magana, cewa tamostat na ƙasashen ƙanƙara ne, mu nan zafi gare mu, irin dalilin da ake kafawa ana cire na ruwa. Amma ko ranar da ta fi zafi a Maiduguri iska ba ta ko kusanci zafin da mai ke bukata ba, ballantana asubahin hunturu a Jos ko Kano da sanyi kan sauka kusa da digiri 10. Masanyayi babba marar tamostat a irin wannan safiya zai bar mai da sanyi har a kai yara makaranta a dawo. Ga kuma matsi: mai mai sanyi da kauri, musamman in 20W-50 ne, da aka tilasta shi bi ta ƙananan ramuka, shi ke fasa masanyayi ko ya fizge tiyo.

Tiyon nan ne ainihin wurin haɗari, kuma a kansa ya kamata kuɗi ya fi tafiya. Duk man da injin ke rayuwa da shi ta cikinsa zai bi, kuma famfo na tura lita gomomi a minti guda idan ana gudu. In ya fashe, lita huɗu ko biyar da ke injin za su ƙare a kan kwalta kafin direba ya gama fahimtar jar fitilar. Toyota da kanta ta ɗanɗana wannan. A injin V6 mai lita 3.5 na Highlander, Sienna, Venza da Lexus RX 350 na wajajen 2007 zuwa 2011, waɗanda ke da masanyayin mai an haɗa shi da gajerun tiyo na roba, suka riƙa fashewa, har kamfanin ya maye gurbinsu da bututun ƙarfe zalla. Motocin nan sun cika titunanmu, kuma duk mai irinsu da ya leƙa ƙasa ya ga roba har yanzu, wannan shi ne canjin da ya fi masa gaggawa. To idan tiyon da Toyota ta zaɓa, mai tsawon taƙi guda, ya iya cin amana, me za a ce da mita biyu na tiyon ruwa da aka ɗaure da kilif ɗin sukudireba? A nemi tiyon da aka yi don mai mai zafi da matsi, da kawuna masu haƙori. Faɗinsa ga yawancin injuna shi ne wanda ake kira AN10, kusan milimita 16 a suna, domin siririn tiyo na cin matsin mai kafin ya isa metal. Waɗannan kawuna da goshinsu suke rufewa, ba a naɗa musu farin tef ɗin masu famfo. A gajarta hanya, a guji kwana mai kaifi, a nisanta daga salansa da fambel, a ɗaure tiyon kowane taƙi biyu da maɗauri mai roba, a bar ɗan sassauci tsakanin injin da jikin mota saboda injin na motsi a kan kujerunsa. Mai saƙar ƙarfe a waje yana da kyan gani, amma zarto ne, duk abin da ya goga sai ya ci shi, har wayar lantarki da bututun birki.

Wurin zama ma yana da farashi, domin zafin da aka cire wa mai ba ɓacewa yake ba, abin da ke bayan masanyayin ne ke shan sa. Tsohuwar Volkswagen Beetle ta nuna haka tun da daɗewa. Masanyayin manta yana tsaye a kan hanyar iskar da ke zuwa silindojin hagu, silinda ta uku ta riƙa fin sauran zafi, sai a 1971 kamfanin ya fitar da shi gefe ya ba shi tasa hanyar iska. Wanda ya ɗaura faffaɗan masanyayi a gaban kwandensan AC da lagireto yana maimaita wannan kuskure: mai zai sauka, ruwa ya hau, AC ya rage sanyi a cunkoso. Shi ya sa mafi ƙanƙanta da zai iya aikin shi ne daidai, kuma mai jerin faifai, irin na Setrab, ya fi mai lanƙwasasshen bututu aiki a girma ɗaya. A kafa shi a bayan ragar gaba inda iska ke bugowa, sama da inda dutse da gefen kwalbati za su same shi, a kan ƙarfe mai ƙarfi da roba a tsakani, a kama shi sama da ƙasa. Kada a soka igiyar roba ta cikin lagireto don rataye shi, girgizar hanya za ta yanka bututun. Bakunansa su kalli sama, ko gefe mai na shiga ta ƙasa yana fita ta sama, don kada iska ta maƙale a ciki. In na kamfani lafiyarsa lau kuma akwai wurin da faifan zai shiga, a bar shi a ƙara na iska a kansa, a ci ribar ɗumamawar safe da sanyayawar rana. In kuwa dole a cire shi, tiyon ruwansa biyu a bi zanen injin kafin a yanke shawarar haɗa su ko toshe su, don a wasu injuna ruwan daga nan yake wucewa wani wuri.

Masu cewa a cire a haɗa tiyo kawai su ma suna da abin nunawa: ga motoci nan an yi musu haka suna yawo. Suna yawo, kuma a matsayin dabarar isa gida ba laifi. Amma kamfani ba ya kashe kuɗi a kan abin da injin ba ya bukata, kuma injunan da aka sa wa masanyayi galibi su ne masu turbo, da dizal, da masu fesa mai ƙarƙashin fistin don sanyaya shi. Illar ba ta bayyana a mako ɗaya. Tana zuwa ne a matsayin man da ke tsinkewa kafin lokacin juye, da turbo da ya mutu da wuri, sai a ɗora laifin a kan man jabu. Shi kuma ɗan Beljiyam matsalarsa ba a ganin cikinsa. Idan daga injin da ya buga aka ciro shi, ɓurɓushin metal na maƙale tsakanin faifansa, ba fetur ko kalanzir da zai fitar da shi duka, sai mai ya yi zafi sannan ya sake shi. Haka ma wanda injinsa ya buga aka yi masa sabon aiki: tsohon masanyayin a jefar.

Tayarwar farko ita ce ta ƙarshen aikin. A wanke cikin sababbin tiyo kafin a haɗa, domin yankan su na barin gutsattsarin roba da ƙarfe. A cika masanyayin da mai gwargwadon iko, a sa sabuwar filta, a ƙara mai, don tsarin kan ci ƙarin rabin lita zuwa lita guda. A cire fiyus na famfon fetur, a murza ki na daƙiƙa goma-goma har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar da fiyus a tayar. Mutum ɗaya a kan ki, ɗaya na kallon kawunan tiyo da fitila. A bar injin ya yi zafi har a taɓa masanyayin a ji ya ɗauki ɗumi, alamar tamostat ya buɗe, a kashe, a jira minti biyar a sake duba geji, domin sai a lokacin ne man ya cika ko'ina. Sannan a koma hanyar da aka yi awon farko, da lodi iri ɗaya, a rubuta sababbin lambobi kusa da tsofaffin, har da na ruwa. Bayan kilomita ɗari ko biyu a sake bin kowane kai da sifana, a shafa yatsa ƙarƙashinsa, a duba inda tiyo ya fara sheƙi saboda guga. Da hunturu kuma ƙura kan haɗu da danshin mai ta toshe fukafukan, sai a riƙa wanke su da ruwa marar ƙarfi, daga baya zuwa gaba inda hannu ke kaiwa, a duk lokacin juye.